Kafin ka sayi babban moto, duba mahaɗin batirinka

A ƙarshen daminar bara, ni da ƙanena muka ɗauki ɗan jirgin ruwa mai rimot da muka shafe kusan wata biyu muna haɗawa, muka gangara daga Kawo zuwa bakin kogin Kaduna ta wajen Rafin Guza. Gangar jikinsa jarka ce muka yanka. Batirinsa ƙwayoyin 18650 ne guda shida da na ciro daga tsohuwar laftof, motonsa kuma irin na bolt 12 ne da ake sa wa ƙaramin famfon ruwa. Da muka ɗora shi a ruwa ya tafi lafiya lau, har yaran da ke wanki a wurin suka bar kayansu suka zo kallo. Bai cika minti uku ba ya tsaya cak, nesa da gaɓa. Can sai ga siririn hayaƙi yana fitowa ta gefen murfi.

Kafin in ankara ƙanena ya fara tuɓe riga. "Yaya, bari in ɗauko shi, ai ba nisa." Na riƙe hannunsa da ƙarfi. Duk wanda ya san kogin Kaduna idan ya cika ya san ba a shigarsa saboda jarka. Wani dattijo mai kwale-kwale ne ya taimaka ya tsamo mana shi. Da ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, abin naku ƙauri yake yi." Na ce, "Mun gode, Baba," muka dawo gida jiki a sanyaye.

Da na buɗe, na sami moto lafiya, na'urar da ke karɓar umarnin rimot lafiya, batir ma bai kumbura ba. Abin da ya narke shi ne ɗan jan mahaɗin nan da ke tsakanin batir da sauran kayan, wanda masu gyara ke kira kanekta. Na cire shi ne daga wata motar wasan yara, na murɗa wayoyinsa da na batir, na naɗe da baƙin salatif. A duk abin da ke cikin jirgin, shi kaɗai ne ban tsaya na yi tunani a kansa ba.

Tun daga ranar na tsaya a kan ra'ayi guda. Duk matashin da ke haɗa abu mai aiki da batirin litiyam, jirgin ruwa ne, mota ce, jirgi maras matuƙi ne ko fankar caji, ya fara zaɓen mahaɗi kafin ya zaɓi moto. Ya zaɓi iri ɗaya mai kyau ya tsaya a kansa, ya kuma koyi liƙa shi da dalma. Ga mai jirgin da ya wuce na wasan yara, shawarata ita ce XT60.

Me ya sa ƙaramin abu ke narkewa

Duk inda ƙarfe biyu suka haɗu don wuta ta wuce, akwai 'yar turjiya, kuma turjiyar nan zafi take zama. Lissafin ba shi da wuya: ka ninka yawan wutar da ke wucewa da kanta, sannan ka ninka da turjiyar. A ce motonka yana jan amfiya 15, mahaɗinka kuma ya saki har turjiyarsa ta kai om 0.02. Wato 15 sau 15 sau 0.02, wat 4.5 ke nan na zafi a wurin da bai kai kan ɗan yatsa ba, cikin rufaffiyar jarka da iska ba ta shiga. Idan turjiyar om 0.001 ce, zafin bai kai rubu'in wat ɗaya ba. Ka kuma lura da wannan: idan wutar ta ninka sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa.

Jirgin ruwa ya fi motar rimot wahalar da mahaɗi. Mota tana gudu, ta tsaya, ta gangara, moto ya ɗan huta. Farfelar jirgi kuwa tana kokawa da ruwa tun daga tashi har dawowa. Idan ciyawa ko leda ta naɗe ta, abin da ba a rasawa a ruwanmu, moto zai ja wuta fiye da yadda ya saba sau da yawa. Sannan idan mota ta mutu, tattaki za ka yi ka ɗauko ta. Jirgi idan ya mutu, a tsakiyar ruwa yake mutuwa, kuma a nan ne yaro ke tunanin tuɓe riga.

Waɗanda za ka ci karo da su

Ɗan jan da ya ci amanata sunansa JST, kamfanin Japan ne ya fito da shi. Ba shi da laifi, don kamar amfiya 3 aka yi shi, ni ne na ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Ga ƙaramin jirgin wasa ko fitila ya wadatar. Akwai kuma wani farin JST mai ƙananan wayoyi da yawa da ke fitowa daga batirin LiPo. Wannan na caja ne, da shi take daidaita ƙwayoyin batir ɗaya bayan ɗaya, kada ka ja wutar moto ta cikinsa.

Sai farin robar nan mai kama da akwati, na Tamiya, shi ma sunan kamfanin Japan ne mai ƙera motocin rimot. An daɗe ana ganinsa a jikin tsofaffin batura masu bolt 7.2. Ƙarafunan cikinsa sirara ne, suna saki idan an yi ta cirewa da mayarwa, kuma idan suka saki sai zafi. Sai Deans na Amurka, ja, mai ƙarafuna biyu a jere kamar harafin T. Yana ɗaukar wuta sosai, amma ƙarami ne, yana da wuyar zarewa da jiƙaƙƙen hannu, kuma wurin liƙa wayoyinsa biyu yana kusa da juna, sabon shiga yana iya haɗa su. Akwai EC3 da EC5 masu launin shuɗi, suna da kyau, sai dai ba kasafai za ka same su a wajenmu ba.

XT60 shi ne mai ruwan ɗorawa. Kamfanin Amass na ƙasar Sin ne ya shahara da ƙera shi. Sunansa na iya ruɗarka: 60 ɗin wutar da yake jurewa ce na ɗan lokaci, amma wadda zai ɗauka ba tsayawa amfiya 30 ce. Yana da ƙane XT30, rabinsa a ƙarfi, da wa XT90 na manyan batura. A cikin XT90 akwai wanda aka sa wa abin hana tartsatsi lokacin da ake jonawa.

Dalilaina huɗu ne. Na farko, gefensa ɗaya a fiƙe yake, ɗayan a miƙe, don haka ba ya shiga a juye. Wanda ya taɓa juya ja da baƙi ya ga na'urarsa ta ƙone cikin ƙiftawar ido ya san darajar wannan. Na biyu, bayan ƙarafunansa akwai ɗan kwarmi da waya ke kwanciya a ciki, dalma ta cika, liƙi ya yi sauƙi ko ga mai koyo. Na uku, akwai wurin riƙewa, ba sai ka ja waya ba kafin ka zare. Na huɗu, ya yaɗu. Yawancin batiran LiPo na matsakaitan jiragen rimot da shi suke zuwa, cajojinsu ma haka, har wasu akwatunan ajiye wutar sola irin na EcoFlow ta bakin XT60 suke karɓar wuta daga faranti.

Darasin da wayarka ta riga ta koya maka

Mai karatu, ko ba ka taɓa haɗa jirgi ba, ka san wannan matsalar. Ka tuna lokacin da kowace waya ke da bakin cajarta, mai Nokia da siririn tsinke, mai Samsung da faffaɗa. Yau kusan kowa ya koma USB-C. Apple ma ya bi sahu da iPhone 15 a 2023, kuma daga 28 ga Disamba 2024 dokar Tarayyar Turai ta wajabta shi a kan sababbin wayoyin da ake sayarwa a can. Amfanin a fili yake, igiya ɗaya ta ishi gida.

A duniyar kayan rimot babu hukumar da za ta yi maka wannan doka, kai za ka yi wa kanka. Idan batirinka na Deans ne, jirginka na Tamiya, cajarka ta XT60, za ka ƙare da tarin adafta, kuma kowace adafta ƙarin wurin haɗuwa ce, ƙarin turjiya, ƙarin wurin da zai iya saki. A aikina na rubuta manhaja na ga irin wannan sau da yawa: kowane ɓangare yana aiki shi kaɗai, matsalar tana ɓullowa a inda biyu suka haɗu.

Abin da masu ja da ni ke cewa

Wani abokina mai gyaran waya ya ce mini wannan duk iyayi ne, shekara nawa ana murɗa waya a naɗe da salatif kuma fitilu na ci. Gaskiya ne suna ci, domin fitila ba ta jan wuta mai yawa. Batirin litiyam da moto wani abu ne daban. Batirin LiPo mai ƙwaya uku yana kaiwa bolt 12.6 idan ya cika, kuma idan wayoyinsa biyu suka taɓa juna yana iya sakin wutar da za ta sa waya ta yi ja nan take. Salatif kuwa gam ɗinsa yana saki idan ya ji zafi da laima, abubuwa biyun da cikin jirgi ba ya rabuwa da su. Sannan murɗaɗɗiyar waya ba ta zaruwa da gaggawa. Ranar da hayaƙi ya tashi, kana buƙatar abin da za ka fizge da hannu ɗaya.

Magana ta biyu ita ce samuwa, kuma wannan na yarda da ita. Jan JST za ka same shi a kowace matacciyar motar wasa, XT60 kuwa sau da yawa sai ka yi oda ta intanet ka jira, ko ka sa a kawo maka daga Legas. Mafita ita ce ku haɗu ku uku ko huɗu ku sayi ƙulli guda ku raba. Kuɗin biyunsa bai kama ƙafar kuɗin batir ɗaya ba, balle moto.

Magana ta uku jabu ne, ita ma gaskiya ce. Na taɓa sayen wasu a wani shago, ruwan ɗorawa ne kamar na ainihi, amma ƙarfen narka dalma na taɓa su robar ta yi laushi, tsinken ya karkace. Na ainihi robarsa nailan ce mai jure zafi, yana shiga da ɗan ƙarfi, ba ya girgiɗi. Idan ka jona biyu ka ji suna rawa, ajiye su. Araha ba ta ado.

Idan ka tashi liƙawa

Tamacen, wato mai ramuka, ita ake sa wa batir, domin ƙarafunanta a ɓoye suke, makulli ko ƙusa ba za su haɗa su a cikin jaka ba. Namijin yana gefen jirgi. Waya ɗaya ake yankewa, a liƙa, a rufe, sannan a taɓa ta biyu. Kada ka kuskura ka datse wayoyin batir biyu tare da almakashi ɗaya. Kafin ka sa zafi, ka jona ɗaya rabin mahaɗin, wanda ba a liƙa masa komai ba, don ya riƙe tsinkayen a miƙe. Ka zura robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi a jikin waya tun kafin liƙi, domin mantawa da ita ya sa da yawa mun warware aiki mun sake. Ka duba alamar tarawa da ta ɗebewa a jikin mahaɗin, ja a tarawa, baƙi a ɗebewa.

Wayar ma abin dubawa ce. Mahaɗi mai kyau a kan siririyar waya aikin banza ne. Ga XT60 ana amfani da mai lamba 14 ko 12 a ma'aunin AWG, kuma a wannan ma'aunin ƙaramar lamba ita ce kakkaura. Ka kankare bakin wayar da wuƙa. Idan cikin ya fito fari, alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe, zai fi yin zafi kuma yana wahalar kama dalma. Idan ba ka da kayan liƙi, masu gyaran rediyo da waya sun cika gari, daga nan Kawo har Kasuwar Sheikh Gumi. Ka zauna kusa ka kalli hannunsu, ka kuma gaya musu batir ne mai wuta a ciki.

Abu na ƙarshe: babu ɗaya daga cikin mahaɗan nan da ke hana ruwa shiga, har XT60. Ka ɗaga shi sama daga ƙasan jirgi inda ruwa ke taruwa, ka sa batir a cikin robar abinci mai murfi, ka zare shi da zarar kun fito, ka bar komai ya bushe a inuwa. Idan ka ga kore-kore a bakin ƙarfen, canja shi. Kuma kafin ka je kogi, ka gwada a baho a tsakar gida: riƙe jirgin, ba shi wuta na minti ɗaya, ka taɓa mahaɗin. Ɗumi kaɗan ba komai. Idan ya ƙona maka yatsa, ba inda za shi.

Mun sake haɗa namu jirgin da rani. Motonsa na da ne, jarkarsa ma ita ce, mahaɗi da waya kawai muka canja. Ƙanena ne ya yi liƙin da hannunsa, sai a karo na uku ya yi kyau. Yanzu kafin mu fita shi ke taɓa mahaɗin ya ce mini ko mu tafi ko mu fasa. Mun kuma yi yarjejeniya cewa duk ranar da jirgin ya sake mutuwa a tsakiyar ruwa, mai kwale-kwale za mu nema, ko mu bar wa kogi.