Direba Na Da Hakkin Sanin Man Da Yake Saye

Sanin kowa ne cewa garin Nyanya, da ke bakin iyakar Abuja da Jihar Nasarawa a kan hanyar Keffi, mashiga ce ga ɗimbin 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Shagamu waɗanda kan nufi Akwanga da Jos da Bauci lokacin Salla. Da yawansu a nan suke cika tanki kafin su miƙi hanya. Abin tambaya shi ne, wane irin mai ake zuba musu?

Masana suna auna ƙarfin fetur da lambar da ake kira oktan, wadda ke nuna yadda mai yake jure matsi cikin inji ba tare da ya kama wuta kafin lokacinsa ba. A ƙasashen Turai ana sayar da mai lamba 95 da 98, a Afirka ta Kudu 93 da 95, ko a Gana ma direba yana iya samun mai lamba 95. Amma wanda ya tsaya a gidan mai a Nyanya, iri ɗaya zai tarar, babu lamba a jikin famfo, alhali kuwa motoci da yawa da ake shigowa da su ta Ikko da Kwatano an ƙera su ne don mai mai ƙarfi. Idan aka ba irin wannan mota man da bai kai ba, sai ƙarfinta ya ragu, shan manta ya ƙaru, inji kuma ya galabaita.

Ba a manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur daga Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima, motoci suka lalace, layuka suka toshe titunan Abuja. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, talaka yana biyan cikakken kuɗi, saboda haka ya cancanci cikakken bayani.

Ga shi kuma matatar Dangote da ke Lekki ta soma fitar da fetur a watan Satumba na 2024. Abin gudu shi ne kada mai mai inganci ya tsaya a bakin teku, kamar yadda aka saba, Arewa ta tashi da ragowa. Asusun daidaita farashin mai da aka kafa a 1975 don kada nisa ya zama laifi, an rushe shi a ƙarƙashin dokar man fetur ta 2021.

Saboda haka wajibi ne hukumar NMDPRA ta tilasta wa kowane gidan mai rubuta lambar oktan a jikin famfo, ta kuma riƙa gwada man da ke isowa Abuja tana bayyana sakamakon ga jama'a. Shugabannin 'yan Arewa a Agege da Sabo da ƙungiyoyin direbobi su ma su ɗaga murya ta bakin wakilansu a majalisa. Rigakafi dai ya fi magani.