Damina ba ta ƙarya: wanda ya sayar da gida mai yoyo ya biya!

A Tibiri, kamar a Dogonduci da sauran garuruwan Arewa, da rani ake cinikin gida. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, ko ɗan kasuwar da ya tara jikkunansa, ya zo a watan Maris, dillali ya zagaya da shi, ya ga bango sumul da sabon yaɓe, a tafa, a ce an sallama. Sai ruwan Agusta ya sauka, asiri ya tonu: gara ta cinye azara, kwano ya huje, indararo ya toshe tun bara. In mai saye ya koma, amsa ɗaya ce: ciniki ya riga ya faɗa, sauran kuwa ƙaddara.

Wannan magana ƙarya ce, kuma ba ta da gindin zama a doka ko a addini.

A fara da dokar nasara, tunda da ita ake tsorata talaka. Kundin dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa a 1960 bai bar ƙofa ba. Aya ta 1641 ta ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibin da ke hana amfani da abin da aka saya. Aya ta 1643 ta ƙara da cewa ko bai san da aibin ba yana wuyansa, sai in an rubuta akasin haka cikin yarjejeniya. Aya ta 1644 ta ba mai saye zaɓi: ya mayar da gida ya karɓi kuɗinsa, ko ya riƙe a rage masa farashi. In kuwa mai sayarwa ya sani ya yi shiru, aya ta 1645 ta ce har diyya zai biya.

Wanda ya ce wannan dokar boko ce, to ya tambayi malamin unguwarsa. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zauruka, ta haramta algus da ɓoye aibi a ciniki. Malaman Malikiyya ma sun ware wa gidaje hukunci nasu: ƙaramin aibi ba a kulawa da shi, matsakaici a biya ƙimarsa, babba kuwa, wanda da yawansu suka auna da sulusin farashi, a mayar da gida. Rufin da ke shirin danne iyali cikin dare, a wane sahu za a sa shi?

Masu kare tsoffin masu gida suna da hujja ɗaya mai nauyi: rufin soro kowace shekara yana neman gyara, wanda ya yi sakaci da yaɓe kada ya zargi kowa. Gaskiya ne. Haka kuma aya ta 1642 ta wanke mai sayarwa daga aibin da ido ke gani. Gani ya kori ji. Amma wannan hujja iyakarta ke nan. Sakacin mai saye daban, azarar da ta ruɓe shekaru uku aka lulluɓe ta da sabuwar tabarma daban. Na farko lalaci ne, na biyu sata ce da rana tsaka. Maginin gari na iya rarrabe su da ƙwanƙwasa ɗaya.

Kuma batun ya wuce kuɗi. Daminar 2024 ta hallaka fiye da mutum 300 a Nijar, da yawa cikinsu gini ne ya rufta musu. Babban masallacin Damagaram, na ƙarni na 19, ya faɗi a watan Satumba, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Bayan wannan, wa zai ce yoyo ƙaramin abu ne?

To me ya sa mai ha'inci ke cin riba? Don takardar ciniki layi biyar ce: suna, farashi, shaidu, dangwale. Ba ta faɗin shekarar da aka yi rufi, balle abin da aka gyara. Don kuma mai saye yana jin kunyar ƙarar dattijo, sai ya yi ta haƙuri har damina biyu, alhali doka tana son a kai ƙara da wuri. Jinkirin nan shi ne garkuwar maha'inci.

Tun 2011 Tibiri ta zama gunduma mai cin gashin kanta, ba reshen Dogonduci ba. Girma kuwa da nauyinsa yake zuwa. Ofisoshin da ke buga hatimi a takardar ciniki su daina bugawa sai an rubuta halin rufi da sa hannun magini. Fadar Samna da masu gari, da doka ta ba ikon sasantawa, su daina kiran ha'inci ƙaddara. Dillalin da ya ci la'ada bisa ƙarya a kira shi tare da uban gidansa. Mai saye kuma ya hau soro da magini kafin ya ƙirga ko dala, in ruwa ya zubo ya tara shaidu a ranar.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A cinikin gida, ranar mai kaya tana zuwa ne da hadarin gabas.