Daga Hyrule Zuwa Kwatarkwashi: Wurin da Nazari Ya Tsallake

A shekarar 1986 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da wasan bidiyo mai suna The Legend of Zelda. Abin da ya raya wasan har yau shi ne ƙasarsa, masarautar Hyrule, wadda masu wasa suka haddace duwatsunta da tafkin Hylia da hamadar Gerudo kamar unguwar da aka yanke musu cibi. Shigeru Miyamoto, jagoran ƙirƙirarsa, ya sha bayyana cewa yawon da ya yi yana yaro cikin dazuzzuka da kogunan duwatsu na Sonobe, kusa da Kyoto, shi ne tushen wannan ƙasa.

Adabin Hausa bai rasa irin waɗannan ƙasashe ba. Akwai Sinari da Sirika a Magana Jari Ce, akwai garuruwan da Alhaji Imam ya ratsa a Ruwan Bagaja. Wanda ya fi su tsari ma shi ne Jangare, birnin iskoki a tunanin 'yan bori, mai gidaje goma sha biyu, kowane da shugabansa da zuriyarsa. Sai dai kundayen digiri sun fi karkata ga jigo da salo da taurari. Wuri kuwa a kan sallame shi da jimla ɗaya, a wuce. Da wuya a tarar da ɗalibin da ya zauna ya zana taswirar tafiyar Alhaji Imam, ya tantance inda ƙasar Hausa ta ƙare da inda ƙage ya fara.

Wannan sakaci ya fi ciwo a Zamfara. Yaron Tudun Wada a Gusau yana kusa da Dutsen Kwatarkwashi na ƙaramar hukumar Bungudu, da 'Yandoto ta ƙasar Tsafe, tsohuwar cibiyar malamai. Amma rashin tsaro ya hana shi irin yawon da Miyamoto ya yi. Daji ya zama abin da ake jin labarinsa da fargaba. Ƙasar da ta rage masa ya yi yawo a cikinta ita ce ta fuskar waya, wadda wasu suka zana daga duwatsunsu.

Sashen da ke koyar da Hausa a Jami'ar Tarayya ta Gusau ya fi kowa cancantar fara wannan aiki: tattaro sunayen duwatsu da tafkuna da kufai daga bakin dattawan da rikici ya kwararo da su cikin gari, tun suna da rai, a zana su tare da labaransu.