Kukan Kurciya Jawabi Ne: Mu Saurari Zukatan Ɗalibanmu

A hutun da na yi a Sharabi, cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo, na ga wani yaro ɗan shekara 13 da ya daina buga ƙwallo saboda haki. Wasu suka ce ragwanci ne, wasu suka ce iska ce. Da ma'aikacin lafiya ya ɗora masa abin sauraren ƙirji, sai ya ji wani huci a ƙasan nonon hagu.

Ya kai mai karatu, zuciya tana da ɗakuna huɗu da ƙofofi huɗu, wato bawul, masu hana jini komawa baya. Ƙarar "lub-dab" da ake ji, rufewarsu ce. Idan ƙofa ta tsuke, ko ta kasa rufuwa sosai, jini yakan wuce da hargitsi, sai a ji huci. Hucin da ke fitowa tsakanin "lub" da "dab", yana miƙewa zuwa hammata, alama ce ta yoyon ƙofar da ake kira mitiral. Gurnani mai zurfi bayan "dab" kuwa, tsukewarta yake nunawa. Likita yakan haɗa wannan da kumburin ƙafa, da cikar jijiyoyin wuya, da kasa kwanciya rigingine. Amma ba kowane huci ne cuta ba, domin zazzaɓi da ƙarancin jini da juna biyu duk sukan kawo shi.

A ƙasashenmu, babban abin da ke lalata ƙofofin zuciyar yara shi ne ciwon makogwaro na ƙwayar cutar sitireptokokus. Bayan mako biyu ko uku, garkuwar jiki takan yi kuskure ta afka wa gaɓoɓi da zuciya, musamman a yara 'yan shekara 5 zuwa 15. Miliyoyin mutane ne ke fama da wannan cuta a duniya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙuduri a kanta a 2018.

Ra'ayina shi ne, a farkon kowace shekarar karatu ma'aikacin lafiya ya saurari ƙirjin kowane ɗalibi, daga Bagudo har Tsamiya da Lolo a bakin iyakar Benin. Wani zai ce ai kunne yakan kuskure cutar da ba ta yi nisa ba, na'urar hoton zuciya ce ke tabbatarwa. Gaskiya ne. To amma na'urar tana manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, kuma ba kowane manomi ne zai iya wannan tafiya ba. Abin sauraren da Bafaranshe René Laennec ya ƙirƙiro a 1816 ba ya bukatar lantarki, kuma shi ne zai nuna wanda tafiyar ta zame wa dole. Yaron da aka gano da wuri, allurar fenisilin duk bayan mako uku ko huɗu takan hana cutar ƙara ɓarna. Wanda aka makara kuwa, sai tiyatar da ta fi ƙarfin iyayensa.

Malamai, kada ku kai wa yaro mai haki bulala kafin ku tambayi lafiyarsa. Ɗalibai, kada ku raina ciwon makogwaro mai zazzaɓi, ku je asibiti. Zuciya takan yi jawabi tun da wuri, mai hankali ke ganewa.