Masu Ciyar da Mu a Samaru

Bana jikana ya tafi jami'a, sai na tuna da zamana a Samaru ta Zariya a 1978, shekarar da aka ƙara wa ɗalibai kwabo 50 a kuɗin abinci har aka yi bore. Da dare yunwa kan kore mu daga ɗakin karatu. Ga waɗanda suka rufa mana asiri.

Na uku, mai tsire a bakin titin Sakkwato. Ƙamshi kyauta ne, nama kuwa sai ranar da saƙo ya zo daga gida.

Na biyu, mai shayi: burodi, benci, ga labarin duniya a rediyonsa.

Ta ɗaya, wata tsohuwa mai ƙosai, muna ce mata Iya. In aljihuna ya bushe sai ta ce, "Ci, ɗana, ka biya in ka zama babban mutum." Na sami aiki, na yi ta cewa gobe. Da na koma, aka ce ta rasu. Nairarta 2 tana wuyana har yau.

Ɗalibai, wanda ya ciyar da ku cikin duhu, ku neme shi tun rana ba ta faɗi ba.

Sai wata mai zuwa.