Ɗalibin Likita Da Zaman Ƙauye

A wannan mako ina so mu dubi wani sashe na karatun likita wanda wasu ɗalibai ke ɗauka tamkar hukunci, watau 'yan makonnin da akan tura su ƙauye.

Karatun likita a ƙasar nan shekara 6 ne. Bayan an ɗan yi nisa, sai ɗalibi ya sa farar riga ya shiga babban asibitin koyarwa, yana bin manyan likitoci gado-gado, daga ɗakin yara zuwa na haihuwa zuwa na tiyata. Wannan ba abin rainawa ba ne. Amma fa majiyyacin da ya kai can, sau da yawa ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa, ya sha jiƙe-jiƙe, ya bi ta kemis, ya sayar da akuya ya yi kuɗin mota. Ƙarshen cuta ɗalibin ke gani, mafarinta kuwa yana can ƙauye.

Jami'ar Ibadan ta farga da wuri. A 1963 ta kafa shirin Ibarapa a garin Igbo-Ora, inda ɗalibanta ke zama cikin manoma. Ita ma Jami'ar Ahmadu Bello ta riƙa tura nata Malumfashi a shekarun 1970.

Mu ɗauki kurkunu, wanda ya daɗe yana addabar ƙasar Ibarapa. Ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Mutum zai sha ruwan tafki, bayan kamar shekara guda tsutsa ta ɓullo masa a ƙafa, ta kwantar da shi alhali gona na jiransa. Sai wanda ya tsaya bakin tafkin zai gane cewa maganin shi ne tace ruwa da haƙa rijiya, kuma da irin wannan aka yaƙe shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijeriya ta rabu da shi.

To, roƙona ga shugabannin makarantu shi ne kada a mai da tafiyar nan yawon buɗe ido, a kwashi yara a bas da hantsi a komo da su da la'asar. A ba su masauki da ruwa da gidan sauro, a haɗa su da malami mai kwana tare da su, domin naƙuda mai gardama da zafin jikin yaro ba su jiran gari ya waye.