Neman Zaɓin Allah Tsakanin Allo da Jan Biro

A farkon zangon da ya wuce, wani abokin aikina ya same ni a ɗakin malamai da takarda a hannu, fuskarsa babu walwala. An yi masa canjin wurin aiki zuwa wata makarantar ƙauye, haɗe da muƙamin mataimakin hedimasta. Ga nisa, ga iyali a gari, ga mahaifiya da ta manyanta. Ya rasa ko ya karɓa ko ya nemi a janye. Ya ce da ni, "Malam, kwana bakwai ke nan ina istihara, ban ga komai a mafarki ba. Ko Allah bai yarda ba ne?" A cikin makon ne kuma na ji wani yana cewa bari ya yi istihara a kan ko zai ƙara wa ɗan wani mai faɗa a ji maki, don yaron ya haye aji. Maganganun nan biyu sun tsaya mini a rai. Na farko yana neman zaɓin Allah bai san hanya ba. Na biyu kuwa ya san amsar, so yake a canja masa ita.

Ra'ayina shi ne, mafi yawan abin da Allah yake so daga gare mu a harkokin yau da kullum ba ɓoyayye ba ne. Malaman addini sun bambance nufin Allah na ƙaddara, wanda ba mu saninsa sai ya auku, da nufinsa na shari'a, wato abin da ya yi umarni da shi ko ya hana. Na farkon ba a ɗora mana gano shi ba. Na biyun shi za a tambaye mu, kuma an riga an bayyana shi.

Saboda haka malaman fiƙihu suka ce ba a yin istihara a kan aikata wajibi ko barin haram. Shiga aji a kan lokaci ba ya jiran mafarki. Haka ma ƙin sa wa abokin aiki hannu a rajista alhali bai zo ba, da mayar da kuɗin da iyaye suka tara inda aka tara su dominsa. Makin da malami yake rubutawa da jan biro shaida ce yake bayarwa a kan ilimin yaro, shaidar zur kuwa tana cikin manyan zunubai. Wanda ya shimfiɗa darduma yana tambayar Allah ko ya yi ta, ba shiriya yake nema ba, abokin laifi yake nema.

Sai kuma al'amuran da shari'a ta bar mana zaɓi a cikinsu: karɓar canjin wurin aiki, komawa ƙaro karatu, kama wata sana'a bayan an tashi makaranta, ko zaɓar wa ɗiya makaranta. A nan abu na farko shi ne shawara. Littattafan sira sun kawo cewa a yaƙin Badar, shekara ta 2 bayan Hijira, Hubab bn Munzir ya tambayi Manzon Allah (S.A.W.) ko wurin da aka sauka wahayi ne ko dabarar yaƙi. Da ya ji dabara ce, sai ya kawo shawarar a matsa kusa da rijiyoyi, aka kuma karɓa. Tambayar Hubab ita ce ya kamata ta riga kowace tambaya: wannan abu an riga an yanke hukuncinsa, ko an bar shi ga hankalinmu? Aya ta 159 a Suratu Ali Imrana kuwa ta jero matakan: shawara, sannan azama, sannan dogaro ga Allah. Hausawa ma sun ce shawara ɗaukar ɗaki. Sai dai a nemi masu gaya wa mutum gaskiya, ba masu gaya masa abin da yake son ji ba.

Ita istihara, Imamu Buhari ya ruwaito daga Jabir bn Abdullahi cewa Annabi (S.A.W.) yana koya musu ita a dukkan al'amura kamar yadda yake koya musu sura ta Alƙur'ani. Raka'a biyu ce ta nafila, sai addu'a. Hadisin bai ambaci mafarki ba, bai kuma ce a biya wani ya yi wa mutum ba. Abin da bawa yake roƙo shi ne, in al'amarin alheri ne ga addininsa da rayuwarsa da ƙarshen lamarinsa a sauƙaƙa masa shi, in sharri ne a raba su. Ku dubi ma'aunin nan da kyau: addini ne a gaba, abin masarufi yana biye, ba a kuma manta da ƙarshe ba. Mu kuwa sau da yawa albashi kaɗai muke ɗorawa a sikeli. Bayan addu'a, mutum ya tashi ya kama abin da ya fi rinjaye a wurinsa. Sauƙi ko toshewar hanya a cikin tafiya ake ganinsu, ba a kan katifa ba.

Akwai wata kalma da muke yawan fakewa da ita: "haka Allah ya so." Gaskiya ce, amma wurinta bayan an yi iyakar ƙoƙari. Malamin da bai gama manhaja ba, ɗalibai suka faɗi jarrabawa, ba shi da ikon jingina sakacinsa ga ƙaddara. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji labarin annoba, ya tara sahabbai ya yi shawara, ya juya da jama'a. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Abokan aikinmu Kirista su ma sun san wannan tsari a tasu koyarwar: addu'a da neman shawarar dattawa ba su ɗauke wa mutum nauyin aikata abin da ya san daidai ne.

Abokin nawa ya daina jiran mafarki. Ya zauna da mahaifiyarsa da mai ɗakinsa, ya hau babur ya je ya ga ƙauyen da idonsa, ya yi lissafin kuɗin mota, ya sake raka'a biyu, sannan ya karɓa. Kwanan baya na tambaye shi ko yana jin daɗin wurin. Ya ce, "Daɗi da sauƙi dai, Malam, amma zuciyata a kwance take."

Allah ya yi mana zaɓi mafi alheri, ya kuma ba mu ikon aikata wanda muka riga muka sani.